Ɗana shekara 3 bai fara magana ba, likita ya ce otizim ne, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane

Maman Sadiq:
Salam 'yan uwa. Ɗana in na kira sunansa ko waigowa ba ya yi, in aka kunna injin markaɗe sai ya toshe kunne yana ihu, wuni yake yana jera murafen kwalba. Uwar mijina ta ce aljanu ne, an yi ruƙiyya har na gaji. Wallahi jiya a banɗaki na ɓuya na yi ta kuka. Laifina ne?

Ummu Hanan:
Wa alaikumussalam. Ba laifinki ba ne 'yar uwa, ba tarbiyya ba ce kuma ba allurar rigakafi ke kawo shi ba, haka ƙwaƙwalwarsa take tun haihuwa. An gwada kunnensa kuwa? Mu da nan muka fara.

Baban Khalifa:
In kina Kano ki je asibitin Malam Aminu Kano, ɓangaren yara, ki nemi masu koyar da magana. Ki ja maigidan ku tafi tare, ni sai da na ji daga bakin likita na yarda.

Anti Bilki:
Nawa sai da ya kai shekara 5 ya ce "Umma", ranar kasa cin abinci na yi don murna. Ki riƙa nuna masa abu kina faɗin sunansa, kalma ɗaya ɗaya. Allah ya dafa miki ƙanwata.