Neman shawara: an yi wa maigidana dashen ɓargo, yanzu sai sambatu

Uwargida daga Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina a tashe yake. Maigidana yana Indiya, an yi masa dashen ɓargo saboda sankarar jini. Ƙanensa ne ya ba shi ɓargon, shi ne kuma ke jinyarsa, an shiga mako na biyu. Jiya da na kira ta bidiyo bai gane ni ba, da sunan marigayiya yayarsa yake kirana, yana ta tsintar zanen gado da yatsu, wai a miƙo masa takalmi zai tafi kasuwar Dole ya buɗe shago. Ƙanen ya ce da rana barci, da dare surutai. Hajiya surukata ta ce iska ce, a aika da rubutu. Wata maƙwabciya kuma ta ce wanda ya fara haka ba ya tashi. Gaskiya ne?

Ƴar Zango:
Allah ya ba shi lafiya, Yaya. Maƙwabciyar nan kuwa ki rage zama da ita kwanakin nan.

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, amma kada ku yi sanya. Wannan rikicewar sananniya ce bayan dashe. A wani bincike da aka fitar a Amurka a 2002 kan marasa lafiya 90, rabinsu sun shiga wannan hali a makonni huɗun farko. Ba hauka ba ce, kuma da yawa hankalinsu na dawowa idan an gano abin da ya jawo ta.

Gaskiyar da ke cikin maganar maƙwabciyarki kaɗan ce: an lura waɗanda suka rikice sun fi shiga haɗari. To amma sau da yawa abin da ke ƙarƙashin sambatun ne abin tsoro. Kafin dashe ana ba da magani mai ƙarfi da ke share tsohon ɓargo, sabon kuma sai ya yi kamar mako biyu zuwa huɗu kafin ya kama. A tsakanin nan jiki ba shi da masu tsaro, ƙwayar cuta kaɗan sai ta shiga jini. Ko ƙoda ko hanta ta gaji, ko gishirin jini ya sauka, ko morfin, maganin kashe zafi, da ake ba shi saboda gyambon baki ya yi masa yawa. Maganin hana jiki da sabon ɓargo faɗa da juna ma, irin su ciclosporin da tacrolimus, yakan taɓa ƙwaƙwalwa. Duk waɗannan ana aunawa, da yawa ana gyarawa. Ƙanen ya faɗa wa lokotoro yau ɗin nan, ya ce masa da can ba haka yake ba. Kada ya ɗauka sun lura, su ba su san halinsa na gida ba.

Malam daga Garin Malam:
Addu'a ba ta buƙatar jirgi. A yi saukar a nan Damagaram, a yi sadaka. Amma rubutun sha da hayaƙi a bar su, tunda an ce jikinsa ba ya ɗaukar ko ƙura. Ki lallashi Hajiya, ki ce ni na faɗa.

Wadda ta yi jinya a Tunis:
Ni ɗiyata na yi wa jinya. Tata ba surutu, shiru ne. Ido buɗe, ka yi magana sai can ta amsa, na ce gajiya ce. Ashe shi ma rikicewar ce, kuma shi ya fi ɓoyuwa. Abin da ya taimake mu: a buɗe labule da safe, a kashe fitila da dare, a riƙa faɗa mata yau wace rana ce, ina muke. In yana sa tabarau a sa masa. Kada ku yi gardama da shi kan kasuwar Dole, ku ce shago na hannun yara. Kuma a kula da robar ƙarin ruwa da magani da ke ƙirjinsa, sukan fizge ta.

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙari ɗaya: in ya yi farfaɗiya, ko ciwon kai mai tsanani, ko ya ce ba ya gani sosai, ko zazzaɓi ya taso, a kira lokotoro nan take ko tsakar dare ne. Kuma Indiya ta riga mu da awa huɗu da rabi. In kin kira bayan isha'i kin tashe shi cikin dare ke nan, ki koma kiran safe.

Uwargida daga Birni:
Na gode, Allah ya saka. Na tura wa ƙanen saƙonku, ya ce an ɗebi jini yanzu, sun kuma rage morfin. Saura Hajiya. Malam, in na kira ka za ka yi mata magana da kanka?