Neman kalma: me za mu kira vague scélérate a rediyo?

Mai shirin kimiyya, daga Tawa: Assalamu alaikum. Gobe da safe ina da shiri, takardar kuma da Faransanci take. Vague scélérate taguwa ce guda da ke tashi a teku ta ninka manyan da ke kewaye da ita fiye da sau 2. An auna ɗaya ranar 1 ga Janairu 1995 a dandalin gas na Draupner a Tekun Arewa na Turai: kusan mita 26, sauran kuwa wajen mita 12. A taimaka da kalma.

Ɗan Ader: Raƙumin ruwa. Kakanninmu sun gama aikin.

Wani daga Yamai: A ce tsunami kawai, kowa ya san ta.

Malamar fizik: A'a ɗan'uwa, tsunami galibi girgizar ƙasa ke tayar da ita. Raƙumin ruwa kuma kowace babbar taguwa ce. Wannan dabam take. Ɗaya daga hanyoyin samuwarta: taguwoyi su fito daga wuri mai zurfi su haye tudun ƙarƙashin teku kwatsam. Gudunsu ya ragu, tazararsu ta matse, su miƙe. Kafin su daidaita da sabon zurfin, nan bakin tudun ake fi samun wadda ta zarce saura. Ni dai taguwar ba-zata.

Baba mai ƙamus: Ba-zata kalmar ƴan jarida ce, komai ba-zata! Na daɗe ina cewa taguwa ƴar tawaye, tunda ta fita daga sahu.

Mai shirin kimiyya: Baba, in ce tawaye a rediyo da sassafe? Ku rufa mini asiri.

Ɗan Ader: Malama, taguwa wurinmu raƙuma ce. Makiyayi a Abalak zai zaci tasa ce ta ɓace.

Wani daga Yamai: Shi ya sa gidajen rediyon waje ke cewa igiyar ruwa.

Ɗan Ader: Wato sai Kano da Landan sun sa hannu kafin mu yi Hausa?

Malamar fizik: Igiya tana rikicewa da jan ruwa irin na kogin Kwara. Kuma naku raƙumin ma ai dabba ce, Malam.

Baba mai ƙamus: Da kun san kalmar toroƙo, wato taguwar ruwa, da ba mu kai nan ba.

Mai shirin kimiyya: Zan ce taguwar teku ta ba-zata, in bi ta da bayanin Malama. Na gode.

Baba mai ƙamus: Na gobe kawai. Ban yarda ta shiga littafi ba.