Neman shawara: in biya kuɗin Plex ko in tsaya a Jellyfin na kyauta?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin in sa hannu a aljihu. Ina da tsohuwar kwamfutar tebur mai furosesa Intel i5, ta fi shekara biyu a lungu tana shan ƙura, ga kuma faifan ajiya mai terabayit 4. A cikinsa akwai finafinan da na kwafo daga faya-fayan DVD ɗina, da karatuttuka, da bidiyon yara tun suna rarrafe. Yawo da filash daga wannan talabijin zuwa wancan ya ishe ni, shi ya sa nake so in mayar da kwamfutar sabar gida, wato na'urar da ke ajiye bidiyo tana miƙa wa sauran na'urori, kowa ya kalli abin da yake so daga inda yake zaune.

Masu kallon su ne ni da maiɗakina da yara, sai ƙanena da ke aiki a wani gari, sai mahaifiyarmu da ke zaune a wurinsa, wadda ba ta son abu mai yawan latse-latse. Na ga sunayen manhajoji uku da ke yin wannan aiki suna ta yawo: Plex, Emby da Jellyfin. Biyun farko suna da ɓangaren biya, na ukun kyauta ne. To me kuɗin yake saya wa mutum wanda na kyautar ba ya bayarwa?

Mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam Malam. Babban abin da ake biya dominsa shi ne juya bidiyo. Idan talabijin ya san tsarin da aka naɗi fim da shi, sabar miƙa masa fayil ɗin kawai take yi, ko ƙaramar kwamfuta ba za ta yi gumi ba. Idan bai sani ba, misali fim ɗin H.265 ne shi kuma iyakarsa H.264, ko layin intanet bai kai ɗaukar nauyin fayil ɗin ba, dole sabar ta riƙa sauya bidiyon nan take ana cikin kallo. In aka bar wa furosesa wannan aiki shi kaɗai, za ka ji fanka na kuka, hoto na tsayawa.

Furosesoshin Intel suna da wani sashe na musamman da aka yi don wannan aiki, sunansa Quick Sync. A Plex ba za ka yi amfani da shi ba sai kana da Plex Pass, a Emby sai da Emby Premiere, wato tsarinsu na biya. A Jellyfin shiga saiti kawai za ka yi ka kunna. Wato kayan aikin yana cikin kwamfutarka tuntuni, makullin ne ake sayar maka. Duba mana wane zubi ne i5 ɗin naka, domin daga zubi na 7 ne suke karanta H.265 mai bit 10 ba tare da wahala ba.

Wani abu da ke ba sababbi mamaki: rubutun fassara na ƙasan allo ma yana jawo juyi. Na SRT rubutu ne zalla, ba ya da nauyi. Wanda ke zuwa cikin DVD da Blu-ray kuwa hoto ne, kuma na'urori da yawa sai an liƙa musu shi a jikin bidiyon. Tunda daga DVD ka kwafo, ka sa wannan a lissafi.

Wata 'yar'uwa:
Yaya, ni na biya Plex Pass na dindindin shekarun baya, ban kuma yi da-na-sani ba. Bayanin mai gyaran kwamfuta daidai ne, amma ya tsallake mutum biyun da suka fi muhimmanci a tambayarka, wato ƙanenka da Mama. A cikin gida duka ukun za su yi maka aiki. Bambancin yana fitowa ne ranar da wani ya ce zai kalla daga nesa. A Plex, ƙanenka zai buɗe asusu, ka tura masa gayyata, ya sauke manhajar a talabijin, shi ke nan. Mama ta ɗauki rimot ta danna hoton jikokinta. Ba wanda zai bugo maka waya da tsakar dare yana tambayar adireshin saba.

Sai dai ka san halin da ake ciki. Daga 29 ga Afrilu 2025 kallon bidiyo daga wajen gida ya daina zama kyauta a Plex. Ko dai mai sabar ya kasance yana da Plex Pass, duk waɗanda ya gayyata su ci albarkacinsa, ko kuma mai kallon ya sayi nasa Remote Watch Pass. A ranar ce kuma kuɗin dindindin ya tashi daga dala 119.99 zuwa 249.99, na wata ya koma 6.99 daga 4.99. Da yau zan saya, gaskiya sai na yi tunani sau biyu.

Tsohon mamba:
Abin da Hajiya ta faɗa a ƙarshe shi ne dalilina na tsayawa a Jellyfin. Abin da yake kyauta jiya ya koma na kuɗi yau, kuma ba ka da ta cewa, domin dokar a hannun kamfani take. Wannan ba sabon labari ba ne ma. Emby a da lambobin manhajarsa a buɗe suke, kowa na iya dubawa ya gyara. A Disamba 2018 suka rufe, sai wasu masu sa kai suka ɗauki siga ta ƙarshe da ke buɗe, 3.5.2, suka ci gaba da ita da sunan Jellyfin a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ke tabbatar da lambobin sun ci gaba da zama a buɗe. Shi ya sa in ka buɗe su biyun za ka ga kamar wa da ƙane, har ƙofar da suke amfani da ita, wato lambar da na'urori ke bi su isa sabar, ɗaya ce, 8096. Plex kuwa daga manhajar kallon bidiyo ta XBMC ya tsiro, wadda yanzu ake kira Kodi.

Abin da ya fi kuɗin damuna shi ne wannan: a Plex, shiga sabarka da ke ɗakinka yana bi ta asusun kamfanin a intanet. In intanet ya ɗauke, na'urar da ba ta riga ta shiga ba za ta iya tsayawa a bakin ƙofa, sai in tun farko ka rubuta adireshin na'urorin gida a saitin da ke yafe musu tantancewa. A Jellyfin sunaye da kalmomin sirri duk suna cikin kwamfutarka. Muddin rauta tana kunne, kallo bai tsaya ba, kuma ba wanda ya san me yaranka suka kalla sai kai.

Wata 'yar'uwa:
Na yarda, ranka ya daɗe. Amma faɗa masa yadda Mama za ta shiga Jellyfin daga wani gari, kada ka ɓoye.

Tsohon mamba:
Ba zan ɓoye ba, nan ne gumin yake. Hanya biyu ce. Ta farko, ka sa wata manhaja mai suna Tailscale a sabar da kuma na'urar ƙanenka, sai su zama kamar a gida ɗaya suke. Yana da tsarin kyauta, ba ya buƙatar ka buɗe ƙofa a rauta, kuma yana hawa waya da akwatin Android TV. Matsalar ita ce yawancin talabijin masu nasu tsarin ba sa ɗaukarsa, sai an saya musu ƙaramin akwati. Ta biyu, ka sayi sunan yanki, wato adireshin intanet naka na kanka, ka sa Caddy ko Nginx a gaban sabar, manhajoji ne da ke karɓar masu shigowa su miƙa su ga sabar. Wannan ya fi wa masu kallo sauƙi, amma tsaron ya koma wuyanka. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka buɗe 8096 tsirara ga duniya.

Mai gyaran kwamfuta:
Kafin ku yi nisa, a duba layin intanet ɗin gidan. Kamfanoni da yawa, musamman na layin waya, suna haɗa kwastomomi da dama a adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. In haka naka yake, buɗe ƙofa ba zai yi aiki ba ko a wace manhaja. Plex zai bi da kai ta sabarsu, amma an ƙayyade wannan hanya a megabit 2 ga mai Plex Pass, wanda ba zai ba da hoto mai kyau a babban allo ba. Sannan saurin turawa ake dubawa, ba na saukewa ba. Fim mai 1080p yana iya cin megabit 8 zuwa 10. In layinka bai kai ba, kuɗi ba zai gyara wannan ba.

Wani ɗan'uwa:
Kowa ya manta da Emby. Yana tsakiya ne, masu kallo na iya zama a sabarka ba tare da asusun waje ba, kuma Premiere ɗinsa na dindindin dala 119 ne lokacin da na saya. Amma in don gudun kamfani ne, bai raba ka da komai ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba, i5-7500 ne. To yanzu in ce me? Kaina ya rabu biyu.

Mai gyaran kwamfuta:
Zubi na 7 ke nan, ka yi sa'a. Kada ka ce komai tukuna. Sa su duka biyun a kwamfutar, ka nuna musu folda ɗaya. Ba sa faɗa da juna, Plex yana 32400, Jellyfin yana 8096, kuma finafinanka suna nan yadda suke. Ka gyara sunayen fayiloli, sunan fim sannan shekararsa a cikin baka biyu, domin da haka suke nemo hoto da bayani daga TMDB, wani shafin intanet mai tattara bayanan finafinai. Bidiyon yara da karatuttuka ka ware musu ɗakinsu na bidiyon gida. In za ka gwada Plex Pass, biya wata ɗaya kawai, kada ka taɓa na dindindin. Kuma don Allah, tun kafin komai, ka kwafi bidiyon yaran nan a faifai na biyu. Fim ana sake samunsa, wannan kuwa in faifan ya mutu ya tafi ke nan.

Mai tambaya:
Jama'a ga rahoto bayan kwana goma. A cikin gida ban ga bambancin da zai sa in biya ba, yara ma Jellyfin suke buɗewa saboda shi ne a farkon allo. Na yi wauta ɗaya, na zuba bidiyon yara cikin foldar finafinai, sai ga hoton wani fim na yaƙi a kan bidiyon 'yata tana koyon tafiya. Na gyara. Ƙanena ya sa Tailscale a wayarsa, yana kallo lafiya. Saura Mama. Talabijin ɗinsu ba ya ɗaukar Tailscale, kuma na tabbatar layina CGNAT ne, saurin turawa megabit 12. Ƙanena ya ce zai sayi akwatin Android TV a ƙarshen wata. Akwai wanda ya san ko Tailscale yana tashi da kansa a irin wannan akwati bayan an kashe an kunna, ko sai an je an danna shi kullum? Domin in sai an danna, na san Mama ba za ta yi ba.