Me ya sa Python ke dawo min da None ba tare da wani kuskure ba?

Ɗan_Koyo: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Ina koyon Python ne, na rubuta ɗan kod da zai jera min makin ɗalibai daga ƙarami zuwa babba, na sa maki = maki.sort() amma da na yi print sai kawai na ga None, ba jan rubutu ba komai, lambobin sun yi ɓatan dabo. Na biyu kuma na ga wani ya rubuta return a, b a fankshin ɗaya alhali an ce mana abu ɗaya fankshin ke dawowa da shi. Wanne ne gaskiya, kuma haka sauran yarukan suke?

Yaya_Bash: Wa alaikumus salam ƙanina. Ita sort() a nan inda lis ɗin yake take jera shi, ba ta dawo da komai, kuma a Python duk fankshin da ya ƙare bai yi return ba None yake miƙo maka, wato babu komai, to kai kuma ka ɗauki None ɗin ka danne maki da shi. Ka rubuta maki.sort() kawai, ko maki = sorted(maki). Da gangan suka yi haka don kar ka zaci sabon lis aka ba ka.

Return a, b kuwa malaminku bai yi ƙarya ba, abu ɗaya ne, tuple, ƙunshe su aka yi kamar ƙullin goro kai kuma ka kwance. Gwada divmod(17, 5) za ka ga (3, 2). In ka tare shi da suna uku maimakon biyu sai ValueError.

Anti_Maryam: Ƙari kan bayanin Yaya Bash, kowane yare da halinsa fa. Go da gaske abu biyu take dawowa da su ba ƙunshi ba, yawanci sakamako da err wato kuskure, kuma in ka ce fankshin zai dawo da abu ka manta return kompaila ba za ta ma bari kod ɗin ya tashi ba, Java ma ba ta barin ka manta return. Mutane na ƙorafin if err != nil, wato duba ko an samu kuskure, ya yi yawa a Go, eh yana gundura wallahi amma ni gara wannan da a yi min shiru. Lua ta Brazil kuwa ba ruwanta, fankshin ya dawo da uku ka tare da biyu sai ta zubar da na ukun, ya dawo da ɗaya ka tare da biyu sai ta cike maka da nil wato None ɗinta, ko uffan. JavaScript in ba return undefined take bayarwa, ga kuma null daban, kuma in ka rubuta return ka sauko layi na gaba ka sa abin, ita da kanta za ta rufe layin a kan return ɗin ta ba ka undefined, kod ɗin na nan lafiya ƙalau a ido kana ta neman inda matsalar take.

Baba_C: Yara kun samu sauƙi. A C in ka ce fankshin zai dawo da int, wato lamba, ka fita ba return sannan wani ya yi amfani da sakamakon, ƙa'idar yaren ba ta ɗau alkawarin komai ba, yau ka ga 0 gobe ka ga wata lamba da ba ka san daga ina ta fito ba, sai dai ka kunna -Wall a kompailar gcc ta gargaɗe ka. Fankshin main, inda kod ke farawa, shi kawai aka yafe wa tun ƙa'idar C99, shi 0 yake dawowa. Abu biyu kuwa sai ta pointer (adireshin inda abu yake) ko struct (ƙunshi), shi ya sa scanf mai karanta abin da aka shigar ke karɓar &x, wato adireshin x, abin da take dawowa da shi adadin abubuwan da ta karanta ne. Shi kansa masanin kwamfuta Tony Hoare da ya shigo da null cikin yaren ALGOL W a 1965, a 2009 ya kira shi kuskuren dala biliyan. Rust ta guje masa da Option, dole ka duba akwai ko babu kafin ka taɓa abin.

Ɗan_Koyo: Allah ya saka da alheri, sorted ya yi aiki. To Anti in fankshin ɗina na neman makin ɗalibi bai same shi ba, in bar shi ya dawo da None?

Anti_Maryam: Ba laifi, haka get ta dict ke yi, amma ka rubuta return None da hannunka don mai karantawa ya san da niyya ne. Sannan wajen dubawa ka sa if m is None, kar ka sa if not m, don 0 ma Python ƙarya take ɗaukarsa, yaron da ya zauna jarrabawa ya ci 0 sai kod ɗinka ya ce ba ya cikin ajin ma. In kuma rashin sunan matsala ce babba da bai kamata a wuce ta ba to ka yi raise KeyError ya tsaya a nan.