Wace na'urar ɗaukar sauti ce za ta jure ƙarar ganga a ƙaramin ɗaki?

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Mu biyar ne muke gwajin kiɗa kowace Asabar a gidanmu da ke Bukoki, nan Yamai: jita biyu, bas, ganga da mai waƙa. Ɗakin mita 4 ne bisa 5, bangon siminti, rufin kwano. Ina son in riƙa ɗaukar gwajin don mu ji inda muke kuskure.

Da waya na fara. Muddin jita ce kaɗai sauti lafiya lau, amma da mai ganga ya shigo komai sai ya fashe, kamar ana yaga tsumma, muryar mai waƙa kuma ta nutse. Na mayar da wayar bakin ƙofa, na lulluɓe ta da rawani, na rataya barguna a bango. Amsa-kuwwa ta ragu, fashewar tana nan. Na aro ƙaramar rakoda irin ta ƴan jarida, ita kuma da kanta take rage sauti in ganga ta buga, sai waƙar ta yi ta hawa da sauka. Kwamfuta ba ta cikin lissafi, don ana yawan ɗauke wuta, dole sai mai batir.

Na ga rakoda biyu: Tascam DR-05X da aka ce tana jure ƙara har 125 dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne), da Zoom H1essential mai tsarin ɗaukar sauti da ake kira 32-bit float, wanda ya sa ba sai an saita mata ƙarfin shigar sauti ba. Kuɗina bai kai in sayi duka biyun ba.

Wanda ya taɓa ɗaukar ganga a ɗaki irin wannan, wacce zan saya cikinsu? Na gode.