Fatsar gashin tsuntsu a ruwan gishiri: kayan kamun katturot za su yi aiki a Legas?

Nura Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani kifi da masu fatsar gashin tsuntsu ke kamawa a bakin teku a jihar Washinton ta Amurka, ana ce masa katturot. An aiko mini da irin kayansu: sanda mai lamba 6 (lambar ƙarfin sanda ke nan), tsawonta ƙafa 9, da igiya mai yawo a saman ruwa, da ƙananan ƙugiyoyi da aka ɗaure wa gashi. Yaya ake kamun nan? Kuma ana samun kifin a nan Legas?

Malam Habu Obalende:
Wa alaikumus salam. Nura, babu shi a Legas, kuma ba zai rayu ba. Kifin ruwan sanyi ne, gidansa gaɓar tekun Fasifik daga arewacin Kalifoniya zuwa Alaska. Ruwanmu kuwa yakan kai digiri 27 ko 28. Sunan na nufin mai yankakken maƙogwaro, saboda jan zanen da ke ƙarƙashin haɓarsa. A rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya sauko ruwan gishiri ya yi kiwo, ya koma rafi ya yi ƙwai. Yawanci inci 12 zuwa 16 ne, mai inci 20 ƙato ne.

Abin da ya sa ake samunsa daga tudu shi ne ba ya nisa da gaɓa. Sau da yawa yana cikin ruwan da bai wuce ƙugu ba. Kuskuren sabon shiga ke nan: ya faɗa ruwa har cinya ya kore kifin da ya zo nema. Ka fara jifa tun ƙafarka tana busasshen wuri, ka share gabanka da gefe da gefe, sannan ka shiga. Jifa biyu ko uku, ka matsa taku biyar. Kifin yawo yake, wanda ya kafe wuri ɗaya shi ke komawa hannu rabbana.

Wuri mai tsakuwa da ɓawon kawa da ciyawar ruwa ake nema, ko bakin rafi, ko inda ƙasa ta yi tsini cikin teku ruwa na karyawa. Rairayi zalla ba ya tara komai. Sai ruwa na tafiya, ko yana cikowa ko yana janyewa, domin gudun ruwa ke kwaso ƙananan kifi da jatan lande. Da ya tsaya cik, cizo ya tsaya.

A bakin igiya ana ƙulla siririn zaren roba mai ƙafa 9, ƙarshensa mai ɗaukar laba 6 zuwa 8, ƙugiya lamba 6 zuwa 10. Daga Maris zuwa Mayu 'ya'yan kifin samon ke fitowa daga rafuka, sai a ɗaura siririn koto, wato ƙugiya mai gashi, mai kama da su. In ka jefa, ka sunkuyar da bakin sanda kusa da ruwa, ka riƙa jawo igiya da hannu, taƙi ɗaya taƙi ɗaya, da sauri, kana ɗan tsayawa. A ruwan gishirin yankin Siyatil, birni a jihar Washinton, doka ce a saki katturot in an kama shi, kuma a matse ɗan haƙorin ƙugiya da filaya kafin a jefa.

Hajiya Rabi Ikoyi:
Malam Habu ya gama magana kan can. A nan dabarar ce za ta yi maka amfani, Nura, kayan kuwa da gyara.

Fara da igiya. Wadda aka yi don ruwan sanyi takan yi laushi a zafinmu, ta yi danƙo, ta riƙa harɗewa tana manne wa zobban sanda. Nemi wadda aka yi don ƙasashen zafi, in da hali mai nutsewa a hankali, don iska da igiyar ruwa ba sa wasa da ita kamar mai yawo.

Sanda lamba 6 za ta ɗauki ƙananan kifayen jak da barakuda a Five Cowrie Creek ko cikin Tarkwa Bay da sassafe. Amma iskar teku na tashi da rana, kuma babban jak zai zare maka igiya gaba ɗaya. Lamba 8 ko 9 ta fi dacewa, da zaren ajiya mita 150 aƙalla a kan kwarkwaro, wato abin naɗe igiya. Babban kifin tafon sai lamba 11 ko 12. Zaren laba 8 kuwa ka ajiye shi: sa mai laba 20 zuwa 30, in barakuda ake nema ka ƙara waya santimita 15, in ba haka ba haƙori ɗaya zai tsinke shi. Koto fari da ɗan kore ko shuɗi, tsawon yatsa, ƙugiya lamba 2 zuwa 1/0 wadda ba ta tsatsa.

Rani ya fi. Daga Disamba zuwa Afrilu gishiri na shigowa lagun, wato tafkin Legas, kifin teku na biyo shi, ruwa ya yi haske. Da damina ruwa ya gurɓace, daga baya kainuwa ta rufe ko'ina, kifi ba ya ganin gashi.

Nura Agege:
Na gode Malam, na gode Hajiya. To in kifi ya ciza, ɗaga sanda zan yi?

Ɗanjuma Idi-Araba:
A'a, kada ka ɗaga. Ɗagawa na fizge koton daga bakinsa. Bar sanda a ƙasa, ka ja igiya da ƙarfi da hannun hagu har ka ji nauyi, sannan ka ɗaga. Ko ka kuskure, koton na nan gabansa, zai iya sake biyowa.

Ka ɗaura ƙaramar robar wanki a ƙugu, ka huda gindinta, igiyar da ka jawo ta riƙa zuba ciki. Ba ita, igiyar za ta naɗe a duwatsu da leda. Sa tabarau ko da gari bai waye sosai ba, kuma kada iska ta bugo daga ɓangaren hannun jifa, nan ne ƙugiya ke samun kunne.

Teku na cikowa sau biyu a yini, lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50 kullum, don haka duba jadawali kafin ka fito. Duwatsun bakin mashigar jiragen ruwa suna da santsi, ruwan wurin kuma yana ja ƙwarai, kada ka hau kai kaɗai ko ba rigar kariya. In ka dawo gida, ka wanke sanda da kwarkwaro da igiya da ruwan famfo, ka shanya ƙugiyoyi a inuwa kafin ka mayar da su akwati. Jiƙaƙƙiya ɗaya ta isa ta sa wa sauran tsatsa.