Wa ya taɓa kai zobe mai koren dutse wajen maƙeri?

Maman Hanif:
Salam 'yan uwa, dan Allah ina neman wanda ya taɓa shiga irin wannan. Hajiyarmu Allah ya jiƙanta ta bar mani zoben zinare mai koren dutse, a Makka ta sayo shi tun ina ƙarama, zumurrudu take ce mashi. Ya matse mani yatsa sai na kai ma wani maƙerin zinare nan Katsina ya buɗa shi, yana ɗagawa a rana ya ce wai kwalba ce tunda ga tsage-tsage a ciki, in ina so ya ɓamɓare ya auna zinaren ya ba ni kuɗi. Wallahi raina ya ɓaci, na amshe abuna na taho gida.

Baban Khairat:
Allah ya jiƙan Hajiya. Kin kyauta da kika amshe. Na yi shekaru ina zuwa Nasarawa Eggon da Gwantu sayen dutse wajen masu haƙa, kuma abin da ya sa ya raina zoben shi ne ya sa ni na fara zaton na gaske ne, don zumurrudu da wuya ki same shi garau, kusan duk da tsaga a cikinshi, har na Kolambiya da Zambiya da ake ji da su. Kwalba ita ce ke zuwa tas, sai dai 'yan kumfa zagayayyu in an duba da madubin ƙara girma. Amma fa ban ce na tabbatar ba sai an gwada, don akwai wanda ake haɗawa a masana'anta. Shi zumurrudu da wasu duwatsun, akwamarin da moganait, gida ɗaya ne, beril sunan gidan, kala ce ta raba su. Koren sinadarin kuromiyam ko banadiyam ya rina shi, akwamarin mai ruwan sararin sama ƙarfe ne a cikinshi, moganait mai ruwan hoda kuma manganis. A ma'aunin tauri suna 7.5 zuwa 8, kwalba ko 6 ba ta cika ba. Abu ɗaya nake roƙonki Hajiya, kada wuta ta taɓa zoben da dutsen a jiki, tsagar nan sai ta buɗe.

Ummi 'yar Daura:
Ni kam ruwan zafi ya yi mani ɓarna. Ɗan kunnena na lefe mai koren dutse, ana gobe bikin ƙanwata na jiƙa shi a ruwan zafi da omo na bi shi da buroshi wai ya yi ƙyalli, yana bushewa na ga wasu fararen layuka sun fito kamar gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Na yi kuka ranar. Daga baya aka faɗa mani ashe mai ake ɗura ma zumurrudu ya cike tsagar, ni kuma na wanke man. Yanzu tsumma mai laushi kawai nake goga mashi.

Anti Bilki:
Ni wajen sayarwa na gani. Sarƙata mai akwamarin, da za mu biya kuɗin makarantar yara na kai, suka cire dutsen suka auna zinaren kawai, dutsen ko sisi, aka naɗe mani shi a 'yar takarda. Dutsen giram 1 da ɗoriya ya yi, kuma a awon dutse karat 5 ne giram 1. Har yau yana cikin adakata.

Baban Khairat:
Anti ki adana shi, masu zinare giram suka sani, dutse kasuwarshi daban, mu a Jos da Ibadan muke kai namu. Shi akwamarin yawanci garau yake ba kamar zumurrudu ba, ya fi jure sawa kullum.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ummi wallahi jiya har na ɗora ruwa zan wanke shi, baƙi suka shigo na manta. Na fasa buɗawar, na zura shi a sarƙata ina sawa a wuya. Baban Khairat in za ka Jos ka yi ma Abban Hanif magana ya kawo maka a gwada mani.